Yadda Za Ka Rarrabe Kalmomin Turanci na Kafa Ƙungiya, Kamfani, Hukuma da Doka

A Hausa kalmar “kafa” ta wadatar da mu: an kafa gari, an kafa jiha, an kafa jami'a, an kafa kamfani, an kafa kwamiti, an kafa doka. Turancin takardun hukuma bai yarda da wannan sauƙin ba. Kowane irin kafi da kalmarsa, kuma kalmar ce ke nuna wanda ya yi aikin, da takardar da ya dogara da ita, da ranar da abin ya sami ƙarfi a idon doka. Sakataren ƙungiya da mai fassara labarai a gidan rediyo da ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu duk suna tuntuɓe a nan.

Abubuwa huɗu a nan Sakkwato sun isa misali. Birnin kansa Muhammadu Bello ne ya kafa shi a 1809, littattafan tarihi na Turanci sukan ce *founded*. Jihar Sakkwato an fitar da ita daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma ranar 3 ga Fabrairu, 1976, zamanin Janar Murtala, a nan sai su ce *created*. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta fara da sunan Jami'ar Sakkwato a 1975, *established* ce. Kamfanin siminti na Kalambaina kuwa *incorporated* aka yi shi a 1962. Musanya kalmomin nan a takarda ba ƙaramin kuskure ba ne, wani lokaci ma yakan sauya shekarar da kake nufi.

Mataki na farko: tambayoyi uku kafin ka buɗe ƙamus

Da ka ci karo da ɗaya daga cikin kalmomin nan, tambayi kanka: wa ya yi? Mutum ne, ko taron mutane, ko majalisa, ko gwamna? Sannan da wace takarda: ba takarda sam, ko takardar bayanan taro, ko shaidar rajista, ko dokar majalisa? Ta uku, me ya sauya daga ranar? Suna kawai aka samu, ko abin ya zama mai ikon mallakar fili da buɗe asusun banki da kai ƙara kotu da sunansa? Amsoshin nan su ke zaɓar maka kalma, ƙamus sai dai ya tabbatar.

Mataki na biyu: kalmomin asali

*Found* ita ce “assasa”. Tana kallon mafari da mutumin da ya soma, ba ruwanta da rajista. Jama'atu Nasril Islam an assasa ta a Kaduna a 1962 da jagorancin Sardauna Ahmadu Bello, jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Mai assasawa shi ne *founder*, waɗanda aka fara da su *founding members*. Wurare uku ake zamewa. Siffarta ta abin da ya wuce *founded* ce. In ka rubuta cewa ƙungiyarku *was found in* 2015, ka ce ne an tsince ta, domin *found* ɗin nan ta *find* ce, wato samu ko tsinta. Na biyu, *founded* da *funded* suna kama a kunne, amma ta biyun zuba kuɗi take nufi. Attajirin da ya ɗauki nauyin makarantar Islamiyya ba lallai shi ya assasa ta ba, kuma harafi ɗaya a allon makaranta na iya haddasa rigimar gado. Na uku, *foundation* tana nufin harsashin gini, tana kuma nufin gidauniya. In ka ga *foundation laying*, bikin aza harsashi ne.

*Establish* ta fi nauyi, ita ce kalmar gwamnati da doka: kafawa a tsaye, da tsari da niyyar ɗorewa. Dokar da ta kafa hukuma takan ɗauki kalmar a sunanta, kamar dokar kafa EFCC ta 2002 da aka sake yi a 2004. A cikin irin wannan doka za ka tarar da jimlar da ke farawa da *There is established*, ko a tsofaffin dokoki *There is hereby established*. Daga nan sai a ce hukumar *body corporate* ce mai *perpetual succession* da *common seal*, mai iya *sue and be sued*. Fassararsa: hukumar mutum ce a idon doka, ba ta mutuwa don shugabanninta sun sauya, tana da hatiminta, za ta iya kai ƙara kuma za a iya kai ta. Irin wannan hukuma ita ake kira *statutory body*, kuma ba ta buƙatar zuwa rajista ko'ina, dokar ce shaidarta.

A kula, *establish* a bakin alƙali ba kafawa ba ce. In hukunci ya ce mai ƙara ya kasa *establish* da'awarsa, ya kasa tabbatar da ita da hujja ke nan. Haka *establishment* a aikin gwamnati: yawan gurabe da matakan ma'aikata da aka amince wa wata hukuma ko ma'aikatar gwamnati ake nufi, shi ya sa maganar ƙarin girma da ɗaukar aiki ke bi ta ofishin da ke ɗauke da wannan suna.

*Set up* da *form* na yau da kullum ne, sun dace da kwamiti ko ƙungiyar unguwa. *Create* ta jiha ce da ƙaramar hukuma da masarauta da ma'aikata, wato abin da aka yanko daga wani: Kebbi a 1991, Zamfara a 1996, duka daga tsohuwar Jihar Sakkwato. “Ƙirƙiro” ta fi dacewa da ita. *Institute* in suna ce, cibiya ce. In aikatau ce, ƙaddamar da tsari ko bincike ne. *Institute proceedings* kuwa shigar da ƙara ne kawai.

Mataki na uku: rajista, inda aka fi yin asara

Mutane sukan ce “mun yi rajista da CAC” su yi shiru, alhali rajistar iri-iri ce kuma hukuncinsu ya sha bamban. CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, an kafa ta ne da dokar kamfanoni ta 1990. Wannan doka an soke ta, an maye gurbinta da ta 2020 wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta na shekarar. Kalmomi biyu ke aiki a nan. *Register* shigar da suna ne a littafin hukuma. *Incorporate* kuwa mayar da abu mutum ne mai zaman kansa a doka, dabam da masu shi. Duk abin da aka yi wa na biyu an yi masa na farko, amma ba kowane mai rajista ya sami na biyu ba.

Duba lambar da ke kan takardar shaidar, haruffan farkonta za su gaya maka gaskiya.

In BN ce, *business name* ne, wato sunan kasuwanci. Mai shagon yadi a babbar kasuwa ya yi wa sunan shagonsa rajista, shi ke nan. Shi da shagon abu ɗaya ne: in bashi ya hau shagon, mai bin bashi na iya bin gidansa da motarsa. Doka ta ba da kwana 28 daga fara kasuwanci a yi wannan rajista. Kada a rubuta wa irin wannan *incorporated*, kada kuma a liƙa masa *Limited* a allo ko a rasit.

In RC ce, kamfani ne. Shi ne ke da *certificate of incorporation*, da takardu biyu da ake haɗawa a kira *memorandum and articles of association*: ta farko tana faɗin suna da irin harkar da adadin jari, ta biyu tana tsara yadda za a gudanar da kamfanin a ciki. *Limited* na nufin asarar mai hannun jari ta tsaya a kan kuɗin hannun jarin da ya ɗauka. Dokar 2020 ta sa mafi ƙarancin jarin da za a raba na kamfani mai zaman kansa naira 100,000, na kamfanin da jama'a ke sayen hannun jarinsa, mai *Plc* a ƙarshen suna, naira miliyan 2. Ta kuma yarda mutum ɗaya tak ya kafa kamfani mai zaman kansa, abin da tsohuwar doka ba ta yarda da shi ba. Akwai kuma *limited by guarantee*, kamfanin da ba ya raba riba, wanda ke buƙatar amincewar Babban Lauyan Tarayya.

In IT ce, *incorporated trustees* ne, wato amintattun ƙungiya masu rajista, kuma nan ne masallatai da makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai ke faɗawa. Abin da mutane ba su lura da shi ba: amintattun ne doka ta mayar mutum guda, shi ya sa sunan ke farawa da *Incorporated Trustees of*. Takardar fili da asusun banki da ƙarar kotu duk da wannan cikakken suna ake yin su. Ƙarar da aka shigar da gajeren sunan da ke kan allo lauyan ɗaya ɓangaren zai nemi a kore ta tun kafin a shiga maganar. Hanyar samun wannan rajista ga ta: a nemi a keɓe suna, keɓewar na ɗaukar kwana 60, a yi babban taro a naɗa amintattu, aƙalla biyu, a rubuta bayanan taron, a amince da tsarin mulkin ƙungiya, a buga sanarwa a jaridu biyu na kullum, ɗaya aƙalla ta ƙasa baki ɗaya, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Yaron da bai kai shekara 18 ba, da mai taɓin hankali, da wanda kotu ta ayyana ya karye bai farfaɗo ba, da wanda kotu ta samu da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce, ba sa zama amintattu. Abin da ya fi dawo da takardu baya shi ne sunan amintacce ya bambanta tsakanin jarida da katin shaidarsa da bayanan taro: nan Muhammadu, can Muhammad, can kuma Moh'd. A tsofaffin takardu za ka ga ana kiran wannan rajista *Part C*. A dokar 2020 ta koma *Part F*, abu ɗaya ne.

Ba kowace rajista ke CAC ba. Ƙungiyar gama kai, irin ta manoman albasa ko shinkafa, a wajen daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha take yi. Jam'iyyar siyasa a INEC, ƙungiyar ƙwadago a wajen magatakardan ƙungiyoyin ƙwadago. Takardar da ƙaramar hukuma ko wata ma'aikatar jiha ke ba ƙungiyoyin matasa shaida ce ta an san da ku, tana da amfaninta, amma ba ta kai matsayin IT ba.

NNPC ta haɗa kalmomin biyu a tarihinta: an kafa ta da doka a 1977, *established* ke nan, bayan dokar man fetur ta 2021 aka yi mata rajistar kamfani a CAC ta koma NNPC Limited, *incorporated* ke nan.

Mataki na huɗu: bi doka daga ƙuduri zuwa aiki

Kafin komai a raba *bill* da *motion* da *resolution*, domin labaran Hausa sukan kira su duka “ƙuduri”. *Bill* shi ne daftarin doka, a ce masa “ƙudurin doka”. *Motion* buƙata ce da ɗan majalisa ya gabatar a zaure, in an amince ta zama *resolution*, wato matsayar majalisa. Matsaya ba doka ba ce. Majalisa na iya cimma matsayar a gyara hanyar Illela, ba wanda za a gurfanar don ba a gyara ba.

Ƙudurin doka yakan bi karatu na ɗaya, inda ake karanta sunansa kawai. Na biyu, inda ake muhawara kan manufarsa. Sai kwamiti da sauraron ra'ayin jama'a. Sai karatu na uku. In ya tsallake an ce *passed*, majalisa ta amince ke nan. Har yanzu bai zama doka ba. Sai an kai wa gwamna ya yi *assent*, wato ya rattaba hannu. Sashe na 100 na tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, sashe na 58 ya ba shugaban ƙasa kwanaki iri ɗaya. Ƙin sa hannu shi ne *withhold assent* ko *veto*. Majalisa na iya *override*, wato ta sake amincewa da kashi biyu cikin uku, ƙudurin ya zama doka ba da hannunsa ba. A majalisar Sakkwato mai kujeru 30, mutum 20 ke nan. Haka Majalisar Tarayya ta yi wa Shugaba Obasanjo a 2000 kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta.

*Enact* ita ce kalmar da ta tattara duk wannan: majalisa ta yi doka. *Promulgate* a Nijeriya warin soja gare ta, shelar doka ce daga mai mulki ba tare da majalisa ba. Tsarin mulkin 1999 kansa da dokar soja mai lamba 24 ta 1999 gwamnatin Janar Abdulsalami ta shelanta shi, ya fara aiki ranar 29 ga Mayu.

Sunan dokar ma yana faɗin wanda ya yi ta. *Act* ta Majalisar Tarayya ce, *Law* ta majalisar jiha, haka sashe na 318 ya fayyace. Don haka babu *Act* ta Jihar Sakkwato. *Bye-law* ta ƙaramar hukuma ce, irin ta kuɗin rumfar kasuwa da tasha. *Decree* dokar gwamnatin soja ta tarayya, *Edict* ta gwamnan soja na jiha, *Ordinance* ta zamanin Turawa. *Regulations* ƙa'idoji ne da minista ko kwamishina ko hukuma ke fitarwa da ikon da wata doka ta ba su. In sun wuce gona da iri kotu na iya rushe su.

Sai ranar fara aiki, *commencement*. In doka ba ta ambaci rana ba, ta tarayya takan fara aiki ne ranar da aka sa mata hannu. In ta ambata, wannan ranar ce abin lura: dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025 an tsara ta fara aiki 1 ga Janairu, 2026. Babban Bankin Nijeriya dokarsa ta 1958 ce, ya buɗe ƙofa 1 ga Yuli, 1959. *Gazette* jaridar gwamnati ce da ake buga doka a ciki, kuma kwafinta shi ne abin dogaro, ba daftarin da ke yawo a WhatsApp ba.

Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa na da nata matakai: *sign*, sa hannu, *ratify*, ƙasa ta tabbatar ta ɗaure kanta, *domesticate*, mayar da ita dokar gida. Sashe na 12 ya ce yarjejeniya ba ta da ƙarfin doka a Nijeriya sai Majalisar Tarayya ta yi doka a kanta. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya Nijeriya ta tabbatar da ita a 1991, dokar tarayya ta zo a 2003, Sakkwato ta yi tata dokar kare yara a 2021. *Charter* kuwa ko dai takardar izini ce daga mai mulki, irin wadda Ingila ta ba kamfanin Royal Niger a 1886, ko babbar takardar da ta kafa ƙungiyar ƙasashe.

Mataki na biyar: kalmomin biki

Waɗannan su ke cika labaran gidan gwamnati. *Constitute* naɗa mambobi ne: doka ta kafa hukuma tun bara, bana gwamna ya naɗa shugabanta da mambobi. *Inaugurate* bikin ƙaddamar da su ne, *swear in* rantsarwa. *Commission* in aikatau ce buɗe aikin da aka gama ne, asibiti ko gada. In suna ce, hukuma ce, ko kamasho a kasuwa. *Flag off* fara aiki ne, ba gamawa ba, kuma mai fassarar da ya ce “ya buɗe hanya” a ranar da aka kawo katafila ta farko ya yaudari mai sauraro. *Constitute* na da wata ma'anar: *constitute an offence* na nufin abin laifi ne, ba an kafa laifi ba.

Tazarar da ke tsakanin kalmomin nan takan kai shekaru. Jami'ar da aka kafa a 1975 sai 1977 ta karɓi ɗalibanta na farko, simintin Kalambaina da aka yi wa rajista a 1962 sai 1967 ya fara fita.

Mataki na shida: kalmomin warwarewa

*Amend* gyara wani sashe ne, *repeal* soke doka gaba ɗaya, kuma majalisa ce ke yin su. Kotu ba ta *repeal*, sai dai ta ce doka *null and void* ce, wato ba ta da tushe. Gyaran tsarin mulki *alteration* ake ce masa, yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. *Dissolve* kan kwamitin gudanarwa sallamar mambobi ne, hukumar na nan. *Wind up* rufe kamfani ne da biyan basussukansa, *strike off* goge sunansa daga rajista, abin da ke samun masu shekaru ba su kai rahoton shekara-shekara ba. *Deregister* shi INEC ta yi wa jam'iyyu 74 a Fabrairun 2020. *Proscribe* haramtawa ce, ta fi su duka zafi, domin zama ɗan ƙungiyar ma ya zama laifi.

Mataki na bakwai: rubuta naka

A ɗauka, a misali, masu sana'ar fata sun fara haɗuwa a 2012, sun amince da tsarin mulkinsu a 2016, sun sami shaidar CAC a 2019, sun ƙaddamar da sababbin shugabanni a 2023. Wata ƙungiyar tallafi ta aiko da fom. A tarihin ƙungiya sakatare zai rubuta *founded in* 2012. Tsarin mulki *adopted in* 2016, domin ƙungiya ba ta *enact*, amincewa take yi. *Incorporated in* 2019, tare da lambar IT. Shugabanni *inaugurated in* 2023. Gurbin *date of incorporation* ranar da ke jikin takardar shaida kaɗai yake karɓa, da rana da wata da shekara. Gurbin *year established* shi ne mai ruɗi, domin yana iya ɗaukar 2012 ko 2019. In fom ɗin na banki ne ko na neman kwangila, sa 2019, domin za su gwada da abin da ke shafin CAC a intanet, kuma saɓani kaɗan ya isa a ajiye takardarku gefe. In akwai filin ƙarin bayani, a nan za ka ambaci 2012, ka haɗa da kwafin bayanan taron farko in yana nan.

A fassara zuwa Hausa kuma kada ka bar “kafa” ita kaɗai inda Turancin ya bambanta. Ƙara mata abin da zai fito da matakin: “majalisa ta amince, ana jiran hannun gwamna”, “an yi masa rajistar kamfani”, “an naɗa mambobin hukumar”, “dokar za ta fara aiki a watan Janairu”. In kanun labari ya yi tsawo, rage sunan muƙami ko na wuri, ka bar kalmar matakin.